TSARA TAGOGIN KWAMFUTA DON GUJE WA KUSKURE

Jawabin wayar da kai ga masu shagunan kwamfuta da akawunan ofisoshi a Jiddari Polo, Maiduguri



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi bayani a kan wani ɗan ƙaramin al'amari wanda mutane da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, alhali kuwa yana jawo wa talakawa hasarar kuɗi da ɓata lokaci, wani sa'i ma har da rasa gurbin karatu ko na aiki. Al'amarin kuwa shi ne yadda mai aiki da kwamfuta yake tsara tagogin da ke kan allonsa, da kuma yadda zai sa kowace manhaja ta riƙa buɗewa da girman da ya zaɓa mata, a gefen da ya zaɓa mata, ba tare da ya sake jan ta da hannu kowace safiya ba.

DALILIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFI KOWA

Ba yau ƙasar nan ta fara ganin canjin da ya taɓa rayuwar kowane ɗan ƙasa ba. A ranar 2 ga Afrilu, 1972, aka bar tuƙi ta hannun hagu aka koma dama. A ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da aka bi gari-gari ana yi wa jama'a bayani, domin an san cewa ɗan ƙaramin kuskure a irin wannan lokaci yana iya zama babbar hasara.

Canjin wannan zamani shi ne komawar takardun hukuma cikin kwamfuta. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara yin jarrabawa da kwamfuta a 2013, kuma tun daga 2015 ta bar ta takarda da fensir. Tun daga 2021 ba a yi wa ɗalibi rajistar wannan jarrabawa sai yana da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Lambar BVN ta bankuna ta fito a 2014. Neman fasfo, da neman shiga aikin soja ko na ɗan sanda, da neman bashin karatu na ɗalibai wanda aka buɗe a 2024, duka ta intanet ake cike takardunsu.

To, a Jiddari Polo, kamar yadda yake a Gwange da Bulumkutu da Hausari da sauran unguwannin Maiduguri, ba kowa ne yake iya cike waɗannan takardu da kansa ba. Wasu ayyukan, kamar rajistar JAMB, ba a yin su sai a cibiyoyin da hukuma ta amince da su. Sauran kuwa shagon kwamfuta ake kai su. Watau mai shagon kwamfuta na yau shi ya gaji malamin da yake zama a bakin gidan waya ko a ƙofar kotu yana rubuta wa mutane wasiƙa, kuma amanar da ke wuyansa ta fi ta wancan nauyi, gama abin da ya buga yana shiga rumbun bayanan hukuma ne ya zauna. Amanar ta ƙara nauyi bayan ranar 10 ga Satumba, 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta shiga unguwanni da yawa na Maiduguri da Jere, mutane masu yawa suka rasa takardunsu, ya zama tilas su nemi sababbi.

INDA KUSKURE YAKE SHIGOWA

Akawun zamanin tafireta yana da wata al'ada mai kyau. Yakan ajiye takardar da yake kwafa a gefen na'urarsa, idonsa a kanta, hannunsa yana bugawa. Mai kwamfuta na yau sau da yawa ya bar wannan al'ada ba tare da ya sani ba. Mai neman aiki zai turo masa hoton takardarsa ta WhatsApp, ko kuwa a ɗauki hotonta da sikana. Sai ya buɗe hoton ya cika allo duka, ya karanta lamba, sa'an nan ya koma kan fom wanda shi ma ya cika allo duka, ya buga abin da ya riƙe a ka. A daidai lokacin da yake bugawa, takardar asali tana ɓoye a bayan fom, ba ya ganinta.

Nan ne ɓarnar take. Lambar NIN alƙaluma 11 ce, lambar BVN alƙaluma 11 ce, lambar wayar hannu ita ma 11 ce. Tun a 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya nuna cewa abin da mutum yake iya riƙewa a ka a lokaci guda bai cika wuce abubuwa bakwai ba, ko da ɗan ƙari ko ragi. Saboda haka wanda ya ɗauki alƙaluma 11 a ka, ga hayaniyar masu jiran layi, ga ƙarar janareta, ba abin mamaki ba ne 68 ya koma masa 86.

Sunaye ma haka suke. A Borno ana samun Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Modu, ana samun Abubakar da Bukar, ana samun Fatima da Falmata. Mai bugawa idan bai ga takardar a gabansa ba, hannunsa zai rubuta irin rubutun da ya saba da shi. Daga baya, idan aka gwada sunan da ke fom da wanda ke takardar jarrabawa ko katin shaida aka ga sun saɓa, mai takardar shi zai sha wahalar gyara: biyan kuɗi, rantsuwa a kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida, kuma kafin a gama duk wannan wa'adin da aka ɗiba yana iya wucewa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Rigakafin a nan shi ne takardar asali da fom su tsaya kafaɗa da kafaɗa a kan allo, a duk lokacin da ake aiki.

MECE CE TAGA, KUMA YAYA AKE AUNA TA?

Taga ita ce fili mai kusurwa huɗu wanda kowace manhaja take bayyana a cikinsa a kan allo. An bunƙasa wannan dabara a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973. Kamfanin Apple ya kai ta kasuwa sosai da Macintosh a 1984. Abin lura shi ne, Windows ta farko da Microsoft ya fitar a 1985 jera tagogi take yi gefe da gefe, ba ta barin wata ta hau kan wata, sai a fitowa ta biyu a 1987 aka ba su damar rufe juna. Wannan dama tana da amfaninta, amma daga gare ta ne matsalar da ake magana a kanta ta samo asali.

Ana auna allo da tagogi da ƙananan ɗigo, waɗanda ake kira fiksel. Yawancin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayowa na hannu suna da ɗigo 1366 a faɗi da 768 a tsayi. Sababbi kuwa galibi suna da 1920 da 1080. Idan aka raba allo na farko gida biyu daidai, kowane ɓangare zai sami ɗigo 683, na biyun kuma 960.

Wannan lissafi yana da muhimmanci domin shafukan intanet da yawa an gina su ne su riƙa sauya tsari bisa ga faɗin taga. Idan faɗin ya gaza ɗigo 768, a wasu ma 992, sai shafin ya koma irin tsarin wayar hannu, ya ɓoye wasu maɓallai, ya jera guraben cikewa a tsaye. Don haka a kan ƙaramin allo ya fi kyau a ba fom kaso mafi yawa, alal misali ɗigo 820, a bar wa takardar asali 546. A kan babban allo kuma ana iya ba fom 1150, takarda 770. Idan har yanzu shafin ya matse, sai a riƙe maɓallin Ctrl a danna alamar ragi har rubutun ya sauko zuwa kashi 80 cikin 100, shafin zai koma tsarinsa na sosai. Ctrl da sifiri yana mayar da shi yadda yake.

Har wa yau a lura da ƙarin girman rubutu da Windows take yi da kanta. Allo mai ɗigo 1920 idan an sa shi a kan kashi 150 cikin 100, fili na ɗigo 1280 kawai yake bayarwa. Ana duba wannan a cikin Settings, a ƙarƙashin System, sa'an nan Display.

HANYA TA FARKO: ABIN DA KE CIKIN WINDOWS

Wannan hanya ba ta bukatar a sauko da komai. Tun daga Windows 7 ta 2009, idan aka riƙe maɓallin da ke ɗauke da tambarin Windows aka danna kibiyar hagu, tagar da ake ciki za ta kama rabin allo na hagu, kibiyar dama kuma ta kai ta dama, kibiyar sama ta sa ta cika allo. A Windows 10 ta 2015, da zarar an manna taga ɗaya a gefe, sai kwamfuta ta nuna sauran tagogin a zaɓi wadda za ta cike ɗaya gefen, kuma ana iya jan layin da ke tsakaninsu da linzami, watau maus, a ƙara wa ɗaya faɗi a rage wa ɗaya. A Windows 11 ta 2021, danna maɓallin Windows tare da harafin Z yana fito da tsare-tsare iri-iri, har da wanda ɓangare ɗaya ya fi ɗaya faɗi.

Raunin wannan hanya shi ne sai an maimaita ta duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Manhajoji da yawa suna tuna girman da aka rufe su da shi, amma ba duka ba.

HANYA TA BIYU: GYARA ALAMAR BUƊE MANHAJA

Kowace alamar gajeriyar hanya da ke kan fuskar kwamfuta tana da wurin gyara. A ɗora linzami a kanta, a danna ɓangarensa na dama, a zaɓi Properties. A gurbin da aka rubuta Run akwai zaɓi uku: Normal window, watau girman da ta saba, Minimized, watau ta buɗe a naɗe a ƙasan allo, da Maximized, watau ta cika allo. Manhajar da ake so ta yi aiki ba tare da ta tare fili ba, kamar ta firinta, sai a sa ta a na biyun.

Ga masu amfani da burauzar Chrome akwai ƙarin dabara. A gurbin da aka rubuta Target, a je ƙarshen rubutun, a bar tazara ɗaya, a ƙara wannan:

--window-size=820,720 --window-position=0,0

Ma'anarsa ita ce taga ta buɗe da faɗin ɗigo 820 da tsayin 720, ta fara daga kusurwar hagu ta sama. An rage tsayin daga 768 ne domin a bar wa sandar da ke kwance a ƙasan allo wurinta. Amma wannan umarni ba ya aiki idan akwai wata tagar Chrome a buɗe, sai an rufe duka tukuna.

HANYA TA UKU: MANHAJAR TSARA TAGOGI

Wadda ta fi cika ita ce amfani da ƙaramar manhaja da aka yi musamman domin wannan aiki. Kamfanin Microsoft yana da tarin irin waɗannan ƙananan kayan aiki mai suna PowerToys, wanda ya sake fitarwa a 2019, kuma kyauta ne. Yana aiki a kan Windows 11 da Windows 10 ta baya-bayan nan, ba ya aiki a kan Windows 7. Abubuwa biyu ne a cikinsa suka shafi wannan magana.

Na farko shi ne FancyZones, wanda da shi ake yanka allo zuwa filaye bisa ga awon da mutum yake so. Bayan an yanka, sai a riƙe maɓallin Shift a ja taga da linzami, ita kuwa ta faɗa cikin filin ta ɗauki girmansa.

Na biyu shi ne Workspaces, wanda aka ƙara a 2024. Shi ne yake buɗe manhajoji da yawa a lokaci guda, kowace da girmanta a wurinta. Ga yadda ake shirya shi:

1. A buɗe manhajojin da ake bukata domin aiki guda, alal misali burauza da manhajar duba hoto.

2. A shiga PowerToys a buɗe Workspaces, a danna Create Workspace.

3. A jera tagogin yadda ake so, sa'an nan a danna Capture.

4. A ba tsarin suna, kamar "Cike Fom". A nan kuma ana iya rubuta faɗi da tsayin kowace taga da alƙaluma.

5. A sa alama a gurbin Create desktop shortcut, a adana.

Daga nan alama ɗaya za ta bayyana a fuskar kwamfuta, wadda danna ta ya isa ya buɗe komai a jere. Mai aiki zai ga tagogin sun fara buɗewa sa'an nan sun matsa zuwa wurarensu, kada ya taɓa linzami sai sun gama zama. Shago ɗaya yana iya yin tsari uku ko huɗu: na cike fom, na buga wasiƙa da aikin ɗalibai, na gyaran hoton fasfo, da na lissafin ciniki.

Masu tsofaffin kwamfutoci suna iya amfani da AutoHotkey, wadda ta fito a 2003, ita ma kyauta ce, sai dai tana bukatar a rubuta mata umarni, don haka a nemi wanda ya iya ya shirya ta.

MAGANAR WUTA

Wani yana iya cewa jan taga da hannu bai wuce aikin minti ɗaya ba, me zai sa a wahala? Amsar tana cikin halin da wutar lantarki take ciki. Mutanen Maiduguri ba su manta da watan Janairu na 2021 ba, sa'ad da aka lalata turakun layin da ke kawo wuta daga Damaturu, garin ya daɗe a cikin duhu, har aka gina tashar wuta mai aiki da iskar gas mai ƙarfin megawat 50, wadda aka buɗe a watan Maris na 2023. Shaguna da yawa sun dogara ga janareta da hasken rana, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane minti da janareta yake ƙara kuɗi ne.

Duk lokacin da wuta ta ɗauke kwamfutar tebur ta mutu, tsarin tagogi ya rushe. Mai shagon da mutum goma suke tsaye a kansa ba zai tsaya jerawa ba, zai koma ga tsohuwar al'adarsa ta riƙe lamba a ka, kuma sauri ya haifi nawa. Amma idan danna alama ɗaya ya isa ya mayar da tsarin, babu gaggawar da za ta hana shi.

GARGAƊI

Na farko, kada a sauko da irin waɗannan manhajoji daga ko'ina. PowerToys ana samunta a Microsoft Store ko a shafin kamfanin na GitHub. Wasu miyagu suna ɓoye manhajar leƙen asiri a cikin kayan kyauta, wadda take kwashe duk abin da aka buga, har da lambobin NIN da na banki na jama'a. Haka kuma a sani cewa Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro a ranar 14 ga Janairu, 2020, kuma ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Na biyu, takardar mutum sirrinsa ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin kiyaye su. Tsara tagogi gefe da gefe yana barin takardar a fili, saboda haka a juya allo yadda masu jiran layi ba za su gan shi ba, a rufe tagar mutum kafin a kira na bayansa, a goge hoton takardarsa idan an gama. Idan mai aiki zai tashi, ya danna maɓallin Windows da harafin L domin ya kulle allo.

Na uku, idan aka sauya allo ko aka cire na biyu, taga tana iya buɗewa a wajen da ido ba ya gani. Ba lalacewa kwamfutar ta yi ba. A zaɓi manhajar a sandar ƙasa, a riƙe maɓallin Windows a danna kibiyar hagu ko ta dama har tagar ta dawo, sa'an nan a sake adana tsarin da sabon awo.

ABIN DA YA HAU KAN MAI TAKARDA

Gyaran ba na mai shago ba ne shi kaɗai. Duk wanda ya kai takardarsa a cike masa yana da iko ya nemi a nuna masa ita a gefen fom kafin a aika. Ya duba sunansa harafi-harafi, da jerin sunayen, da ranar haihuwa, da kowace lamba, ana karanta ta uku-uku ko huɗu-huɗu. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da ɗansa ko wani amintacce. Gani ya kori ji, kuma mai shago na kirki ba zai ji haushin wannan ba, gama sunan shagonsa yake karewa.

A TAƘAICE

Kada a buga suna ko lamba alhali takardar asali tana ɓoye. A san awon allon da ake aiki da shi, a ba fom kaso mafi yawa. A koya wa kowane yaron shago maɓallin Windows da kibiyoyi tun ranar da ya fara aiki. Inda kwamfuta za ta iya ɗauka, a shirya tsari na dindindin domin kowane irin aiki. A sauko da manhaja daga wurin masu ita kaɗai. A rufe takardar kowa da zarar an sallame shi.

Ana roƙon waɗanda suka halarci wannan taro su isar da bayanin ga abokan sana'arsu na sauran unguwanni, malaman makarantu kuma su sa shi a cikin darasin kwamfuta na ɗalibansu.